Rasuwar Dogo Mai Ido Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunya wadda za a ji dalilinta a ƙasa, ni Malam Kalilu Na'Allah na Tozai, tsohon malamin firamare, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Isa da Sabon Birni rasuwar madubin hangen nesana, wanda aka fi sani da Dogo Mai Ido Ɗaya. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a tsakar gidana, a kan cinyata, kuma da hannuna.

Ba a san shekarun marigayin ba. Usmanu falke ne ya zo da shi daga Maraɗi cikin kayan gwanjo shekara shida da suka wuce, yana zaton bututun injin niƙa ne. Tun daga ranar Dogo bai taɓa neman abinci ba, bai taɓa shiga maganar da ba tasa ba. In ka juya shi gabas ya ce "ƙiii", in ka ɗaure masa wuya ya ce "ƙwas". Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Shi ya fara nuna mini Zuhalu, tauraron nan da zobe ya kewaye kamar ƙwallon fura a tsakiyar faifai. Na yi kuka a ranar, ba na ɓoyewa. Na bi majalisa majalisa ina ba da labari, amma ba wanda ya yarda ya sa idonsa, domin Usmanu ya riga ya yaɗa cewa bakin abin ya yi kama da na igwa. Saboda haka shaidar zoben ta tsaya a kan mu biyu, ni da marigayi, shi kuma ba ya magana.

Sai ruwa ya ɗauke. Bara aka yi shuka sau uku, bana ko ɗaya ba ta tsira ba. Mutane suka duba sama ba hadari, suka duba gidana suka ga abu mai ƙafa uku ya saita sama kullum bayan isha'i. Ba a daɗe ba aka haɗa lissafi. Mai unguwa Sodangi ya zo da kansa, ya tsaya nesa da Dogo, ya ce, "Malam, mutane sun ce wanga abu shi ka kore muna hadari. In tauraro kaka kallo, kawo muna hoton zoben ranar Juma'a mu gani. In babu, za mu sa shi rijiya." Rijiyar ta ƙafe tun watan jiya, amma zurfinta na nan.

A nan ne rashin lafiyar marigayi ta bayyana, ko in ce abin da na ɗauka rashin lafiya ne. Da ma na lura kowace shekara zoben yana ramewa kamar zangarniyar gero, na ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Bana kuwa, da na ɗaura masa 'yar kyamarar da na samu, zobe ya ce ɗauke ni inda ka aje.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na ɗauki hoto ɗari huɗu da goma sha biyu. Na kai tsohuwar kwamfutata Isa aka yi mata caji, na zauna na ware masu rawa gefe, na ɗora masu kyau a kan juna, na ƙara haske, na rage duhu. Matata Tasalla ta sa wa wannan aiki suna tankaɗe, kuma ba ta yi kuskure ba. Kwana uku ina tankaɗe. Abin da ya rage a faifai shi ne ɗigo ɗaya rawaya, da wani siririn layi ya ratsa shi kamar allura a jikin goriba.

Na dubi Dogo na ce masa maƙaryaci.

Jama'a, ga dalilin kunyar. Daren Alhamis na shimfiɗa baƙin zane, na aje ƙwallon fura, na zura masa warwaron Tasalla, na ɗauka. Na tankaɗe shi a kwamfuta har ya fi Zuhalun gaske kyau. Ranar Juma'a aka manna shi a rumfar mai shayi, gari ya taru, aka yi ta salati. Sodangi ya ba ni hannu, ya janye maganar rijiya. Da na koma gida Tasalla ta dube ni ta ce, "Malam, warwarona na, ga ma inda yal lanƙwashe. Yaushe yat tahi sama ban sani ba?" Ba ta faɗa wa kowa ba. Furar ma ita ta dama mini, na sha Zuhalu ina zufa.

Na kasa barci. Na ce lallai in warkar da Dogo in ɗauko na gaske in musanya kafin asiri ya tonu. Na kwance shi, na fito da madubin da ke cikinsa, na ga kamar ya yi dishi-dishi. Na ɗebo toka da soso, na dirje shi yadda ake dirje bayan tukunya. Da na ɗauraye, sai na ga tafin hannuna ta cikinsa. Azurfar da aka shafe fuskar madubin da ita ta bi ruwan toka ta shige ƙasa. Na mayar da madubin, na juya Dogo gabas, ya ce "ƙiii" a hankali, bai ƙara ganin komai ba.

Bayan kwana tara Jibrilla, ƙanen Tasalla, malamin kimiyya a Sakkwato, ya zo gaisuwa. Na nuna masa ɗigon da allurar a matsayin shaidar cuta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki faifan yayarsa ya ɗaga mini, ya juya mini gefensa. Ya ce, "Malam, yanzu mi kaka gani?" Na ce layi. Ya ce, "To haka zoben ka yi kamar duk shekara goma sha biyar, shina juyo muna gefe. Zai dawo. Wanga hoto da ka raina, ba kowa ka samun shi ba."

Ashe Dogo lafiyarsa lau. Abin da ke sama ya faɗa mini, ni ne ban so ji ba.

Marigayin ya bar ƙafafu uku, ɗaya a cikinsu da ma turken akuya ce da aka ara. Ya bar kyamara, wadda ta shiga takaba a cikin gwangwanin madara, da kwamfuta da ke kwance ba caji, da marayun hotuna ɗari huɗu da goma sha biyu, dukkansu kamarsu ɗaya. Ya bar ni.

Ina kuma sanar da masu zarginsa cewa yau kwanansa ashirin da rasuwa, kuma ko yayyafi ba a yi ba. Ya kamata a nemi wani.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma na yarda. Saboda haka za a taru ranar Juma'a bayan an sauko, a rumfar mai shayi, inda zan ɓamɓare hoton fura da hannuna a gaban mai unguwa, in mayar wa Tasalla mutuncin warwaronta, in manna ɗigon da allurar a wurin. Daga nan za a wuce gidana, inda gawar take. Ba za a binne shi ba. Za a kafa bututunsa a kan soro ya zama indararo, ya jira ruwa tare da mu. Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da ruwan shansa.

Wanda kuma yake ganin har yanzu akwai maƙaryacin da ya kamata a sa a rijiya, ba sai ya hau soro ba. Zai same ni a ƙasa, a kan tabarma.