Sassaƙen Rijau da Ragon Maigida

Likita ya ce kasalar nan da jin sanyi daga tayirod ne, wani abu a maƙogwarona da ya rage aiki. Ina shan ƙwayoyinsa, na haɗa da sassaƙen da Maigida ya kawo daga Rijau. Wata guda na miƙe garau. A gidan suna har lacca na yi wa mata, na raba musu jiƙon kwalba-kwalba kamar jikar boka.

Ranar nan Maigida ya ɗaga ledar sassaƙen ya ce, "Hajiya, wannan ai na kiwon rago ne. Naki ragon ne ya shanye."

Har yau maƙwabciyata Maman Ladi in ta gaishe ni sai ta ƙara, "Ya mai jikin? Tayirod ɗin ragon da sauƙi?"