Gidan da Birkinsa Ya Saki

Wani ne a Gwale aka ce ba za a ba shi mata ba sai ya nuna muhalli. Sai ya sayo wata tsohuwar motar Turawa, irin mai ɗaki a ciki, da gado da kicin har da bayi. Ya ce ga gida.

Ranar da ya tuƙo ta, tun daga Ƙofar Ɗan Agundi take jansa hagu kamar akuya ta ga dusa. Can sai ƙauri. Ya tsaya, ya shiga kicin, ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ba komai a wuta. Ashe tayar gaba ce ke hayaƙi. Ya watsa mata ruwan buta, ta yi cuuu. Ya ce to, ko ba komai an huta da sayen risho.

Da ƙyar ya kai ta kan gangaren layinsu. Nan ta kafe, wata uku ko motsi.

Ana gobe dangin amarya za su zo ganin ɗaki, ya kira Ilu bakanike. Ilu ya ɗaga ta da jak, ya murza tayar, ta ƙi juyawa. Ya ce kalifa ce ta cije, tsatsa ta kama ƙarfen da ke matse birki, ya matse ya ƙi saki.

Mutumin ya ce, "To birkin da ya kama ya ƙi saki, ba shi ne mai kyau ba?"

Ilu ya kwance kalifar, ya goge tsatsar, ya shafa giris, ya mayar. Taya ta koma juyawa kamar fanka. Sai ya ɗauko wani ƙaton dutse ya tokare ta, ya ce akwai sauran iska a cikin man birki, sai gobe da yamma zai fitar, kuma birkin hannu ya daɗe da mutuwa.

"Malam, dutsen nan shi ne tushen gidanka. Kar ka taɓa shi."

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Asibi, yayar uban amarya, da mata huɗu da igiyar awon gado. Ta dubi ƙofar motar, ta dafa gwiwa, ta ce ita ba ta iya hawa wannan tudun. Angon kirki, mai ladabi, ya ruga ya cicciɓo dutsen ya ajiye mata ta taka.

Suka shige. Gwaggo na auna bango tana taɓe baki, sai Jummai ƙanwarta ta leƙa taga ta ce, "Yaya, maƙwabtan nan nasa ba sa zama wuri ɗaya ne?"

Gida ya kama gangara. Ango ya yi tsalle ya faɗa kujerar direba, ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Mata na salati, tukwane na amshi. Suka wuce mai shayi, suka kwashi shanyar wata baiwar Allah, sai da suka tsallaka unguwa biyu tulin yashin wasu magina ya tare su.

Gwaggo ta fito da rarrafe, ɗankwali a wuya, igiyar awo a hannu.

"Mun shiga ɗaki a Gwale, mun fito a wata unguwa. Wallahi ko an kawo maka yarinyar nan, kwana ɗaya za ta yi ta yi yaji."

Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ba komai, Gwaggo. Tunda birki ya saki, da gidan za mu zo biko."