Jatau da Jirgin Baba Kofur

A ƙauyen Kafin Ɗorawa akwai wani gida mai mutum uku: Baba Kofur, da 'yarsa Lantana, da ƙanenta Jatau maƙerin gwangwani. Jatau ya haura arba'in, kuma ko a birni da wuya a sami mai hannu irin nasa. Amma kan nan nasa, Allah ya kyauta! Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da duk gari na ihun ɓarna ce.

Shi Baba Kofur makanikin jiragen yaƙi ne a zamanin yaƙin basasa. Tun da idanunsa suka mutu bara ya juya fuska bango. Ya bar fita, ya bar hira, tuwo loma biyu sai ya ture kwano. Lantana na kallon mahaifinta yana ƙarewa a kan tabarma, abin yana cin ranta. Sai ta yi tunanin a ƙera masa ƙaramin jirgi irin wanda ya yi wa hidima, ko ya riƙe a hannu ya tuna shi wane ne, ya ci abinci.

Wata rana ta zaro tsohon hoton jirgin daga ƙasan adaka ta miƙa wa Jatau. Ta ce, "Ka yi shi daidai da na hoton nan." Kwana huɗu yana ƙwanƙwasa, sai ga shi da jirgi mai kyan gaske, amma babu wutsiya, gefen baya duk a yage.

"Jatau, ina wutsiyar?"

"Yaya, ai a hoton ma babu. Gara ta cinye. Sai da na sha wuya kafin na yi irin cin nata."

Lantana ta riƙe haɓa. Wai mutum ya zauna kwana guda cur yana kwaikwayon bakin gara!

Wata rana kuma ta ce masa, "Rabu da hoto. A bakin barikin soja na birni akwai tsohon jirgi irinsa da aka kafe. Ka je ka auna na gaske, kowane taku ɗaya ka mai da shi faɗin yatsa." Kowane mai hankali daga bakin titi zai tsaya ya ƙiyasta. Jatau kuwa sai ya tsallake waya, ya ɗare kan fiffike da igiyarsa, har yana roƙon mai gadi ya riƙe masa ɗaya bakin. Da Lantana ta isa bayan azahar, ta tarar sojoji sun sa shi tsallen kwaɗo a rana, kunnuwa a hannu. Ta durƙusa gaban sojojin, yaran da a haife ta haife su, tana ba da haƙuri. A mota ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuwa murna yake: "Yaya, taku goma sha uku ne. Sau biyu na auna kafin su zo."

Wata rana aka zo fenti. Wannan karon jirgi ya fito sosai, ga wutsiya, ga tayoyi uku, ga murfin gilashin matuƙi da ya yanko daga gorar ruwa. Lantana ta ce, "Ka yi masa kore da ruwan ƙasa, irin fentin da ba a ganinsa a daji." Ya yi. Da ya bushe sai ya ɗauka ya tafi bayan gari, ya dawo hannu rabbana.

"Ina jirgin?"

"Na kai shi daji na gwada. Wallahi Yaya ya yi, ni kaina na rasa shi."

Kwana uku suna dube-dube cikin sabara, ƙaya ta yayyage mata zane, tana tafe tana faɗa har muryarta ta dushe. Da ta dawo gida ta tarar da kwanon Baba yadda ta ajiye shi, sai faɗan ya koma kuka. Wata mai tallan nono ce ta yi tuntuɓe da jirgin a rana ta huɗu.

Wata rana, da aka gyara lotsawar aka sake fenti, jirgi ya yi sumul yana ƙyalli, saura lamba kawai. Lantana za ta rijiya, ta ce, "Ka tambayi Baba lambarsa. Abin da ya ce akwai a jikin jirgin, shi za ka sa." Tana dawowa da tulu ta ji ƙarar guduma. Ta leƙa ta ga Jatau da ƙusa, ya huda fiffiken hagu har wuri bakwai.

Ta dire tulun har ruwa ya fantsama. "Aikin wata guda! Jatau, me na yi maka a duniya?"

"Na tambaye shi lamba, bai faɗa ba. Cewa ya yi ranar da jirgin ya dawo na ƙarshe, harsashi bakwai ne a fiffiken hagu."

Don tsabar takaici ta fizge jirgin ta shiga ɗaki ta ɗora wa tsohon a cinya. "Ga shi, Baba. Ɗanka ya lalata."

Baba Kofur ya shafa hancin jirgin, ya shafa bayansa, fuskarsa ba ta motsa ba. Kyan fenti ba ya gaya wa makaho komai, kuma sai a lokacin Lantana ta tuna da haka. Can yatsansa ya faɗa huda ta farko. Ya tsaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na ƙirgawa. Sai ya yunƙura ya zauna sosai, abin da rabonsa da yi tun damina.

"Wane sakarai ne ya bar jirgi a haka?" ya daka tsawa. "Haka za a bar matuƙi ya tashi da shi? Jatau, hura wuta, kawo dalma!"

Ya ɗaga hannunsa, ya ji yana rawa. Ya yi tsaki.

"Lantana, ba a faci da irin wannan hannu. Ina tuwon nan da kika ɗauke?"