Yadda Za Ka Yabi Sabon Faifan Haƙoran Tsatsa Bayan Kunnenka Ya Tafi

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci babu mai gane cewa ba ka ji komai ba. A wurin maƙwabcina Ƙusa mai walda na kwaso su. Shi ne shugaban masoyan Haƙoran Tsatsa, tsofaffin makaɗan hebi metal, kiɗan nan mai kama da ana yanka kwanon rufi. Tun yana saurayi yake manna kunne jikin sifika, yau ko tsawa aka yi sai ya ce, “Shigo!” Matarsa ta rantse ranar da ta kama shi da hujja sai ta ja shi asibiti an saƙala masa na'urar ji. Shi kuwa gani yake shugaba da na'ura a kunne ya gama zubar da girmansa.

1. Fara yabo kafin a kunna

Ɗauki kwalin faifan, ka ƙura wa hoton ido: dattawa biyar cikin baƙar fata, ɗaya ya dogara da sanda. Yi ajiyar zuciya ka ce, “Da tsohuwar zuma ake magani.”

2. Ɗora hannu a kan sifika

Abin da kunne ya kasa, tafin hannu zai kawo maka. In ta girgiza, kaɗa kai. A hankali fa, wuyan nan ba na da ba ne.

3. Haddace amsa biyu

“Sun natsu” da “Kai dai bari!” Duk wanda ka ga bakinsa na motsi, jefa masa ɗaya. Masana sun tabbatar ba a buƙatar ta uku.

4. Murƙushe masu cewa faifan farko ya fi

Gaya musu abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Faɗi da ƙarfi, dama haka kake magana yanzu.

5. Kada ka ɗauke hannun nan

Nan Ƙusa ya faɗi. Ranar da faifan ya iso, ya tara aminansa, Direba da Tela, a shagonsa. Daɗi ya kwashe shi, ya saki sifika, ya rufe ido yana dukan iska da sandunan walda. Da ya buɗe ido ya ga lambar waƙa ta koma bakwai, ya daka ihu:

“Kun ji gangar nan? Can ƙasa-ƙasa!”

“Har cikin ƙashina!” in ji Direba. Tela ya share hawaye da gefen riga.

Matar Ƙusa, da ta shigo da ruwan sha, ta ajiye jug ta juya bayan kwalin.

“Baban Auta, ta bakwai ai shiru ce. Ga shi an rubuta: shiru don tunawa da mai gangarsu da ya rasu. Ni ma ita na fi so. Tun da na aure ka ban ji mai daɗinta ba.”

Suka ci gaba da kaɗa kai. Sai da ta kama hannun mijinta, ta mayar da shi kan sifika. Tsit.

6. In an kama ka, tafi da abokanka

Washegari aka gan su su uku a kan bencin asibiti cikin baƙaƙen riguna. Nas ta yi ta kira, ba wanda ya motsa.

Da aka saƙala wa Ƙusa na'urarsa, ya kunna faifan shi kaɗai. Ya ji muryar mawaƙin ta dushe, tana rawa wajen hawa, amma tsohon ya ƙi saki har ya kai ƙarshen baitin. Tausayi da ƙauna suka kama Ƙusa.

“Ashe su ma sun tsufa,” ya ce wa matarsa. Ya sake kunnawa daga farko.

Gargaɗi

Wuyan da ya ƙage, maƙwabcin da ya tashi, matar da ta iya karatun kwali, duk babu hannuna a ciki. In asirinka ya tonu, kada ka zo kana ƙwala mini kira. Ko ka ƙwala, ni ne ma'ajin ƙungiyar, ba zan ji ba.