Tabo a Murfin Langa

Ƙarfe huɗu da kwata, ranar Laraba, a gidana a Kazaure. Daga ni sai matata Asabe da fanci uku masu sifirin da aka kawo min daga Kano in zaɓi ɗaya, irin waɗan da ake dannawa su yi wa ƙarfe alama ba guduma.

Ni ba na sayen kaya sai na gwada. Na farko na danna shi a gwangwani, na biyu a garma. Na uku na jawo murfin wata langa. Ƙas! Fenti ya ɓare. Ashe langar marigayiya mahaifiyar Asabe ce.

Asabe ta daɗe tana shafa wurin, ta ce, "Malam, ɗauki wannan fancin, ya fi cizo."

Har yau a ciki take kawo min tuwo, tabon yana kallona. In ka zo cin abinci, don Allah kada ka tambaya.