Ranar da Aka Yi Mini Liƙi a Wurin Zanga-zanga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jagoranci zanga-zanga ba, ko da yake da mutanen garinmu za su taimaka su manta, da na ji daɗi.

Lokacin ba mu daɗe da tashi daga tsohon gari ba. Ruwan madatsar Tiga ya cinye shi, aka zaunar da mu a sabon wuri ta wajen Bebeji. Rijiya ɗaya ce tak a garin, ruwanta jawur, yara kullum cikin ciwon ciki. Ni kuma dawowata ke nan daga Kano, inda na yi shekara ina koyon ɗinki (gaskiya rabin shekarar a silima na yi ta). Na dawo da tulin suma, da wando mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa, da tabbacin cewa waƙa ɗaya ta isa ta warware kowace matsala. Haka na gani a finafinan Indiya: jarumi ya rera, talakawa su amsa, babban mutum ya fashe da kuka.

Da aka ce wani babban jami'i zai zo duba garin, dattawa suka yanke cewa mai unguwa ya yi masa bayani a tsanake. Na miƙe na ce wannan ai tsohon yayi ne. Kawuna Malam Sule ya dube ni, ya dubi wandon, ya ce in gwada tawa, tunda na ga duniya.

Na ari karin wata waƙar fim na cusa kukanmu a ciki. Matsalar ita ce karin dogo ne, kalmar "ruwa" kaɗai sai ta ci numfashi biyu. Na nemo Ɗanjuma mai kalangu, na ja masa kunne cewa kiɗan ɓacin rai nake so. Ya ce to. (Ashe tunda yake bai taɓa kaɗa komai ba sai na biki.)

Mota na tsayawa na ɗaga hannu sama na fara. Ɗanjuma ya saki kiɗa. Ban kai baiti na biyu ba wata ta rangaɗa guɗa, samarin da na kwana uku ina koya wa murtuke fuska suka shiga taka rawa. Ina harararsu ina ƙara murya, su kuma sun ɗauka zuga su nake yi. Jami'in ya fito yana murmushi, har da ɗan karkaɗa kafaɗa. Ya tako gabana, ya zaro naira guda ya manna mini a goshi. Gumi ya riƙe ta gam.

"Madalla, samari," in ji shi. "Duk inda na zaga ba a yi mini tarba irin wannan ba. Da gani mutanen nan suna cikin jin daɗi."

Sannan ya tambaye ni a ina na koyi Indiyanci haka.

Ina tsaye kamar an dasa ni sai Iya Abu, wata tsohuwa mai daddawa, ta ratso da kwanon sha ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ka sha hanya. Ga ruwa, bismillah."

Ya leƙa kwanon, murmushin ya gudu. Ta gaya masa shi muke sha, kuma jikokinta biyu suna kwance. Ya ce a kai shi rijiyar. Kowa ya bi su, har Ɗanjuma, aka bar ni a fili da naira a goshi. Kafin damina an haƙa mana sababbin rijiyoyi biyu.

Ni kuwa abin da na samu shi ne goron gayyata. Har daga garin Ƙofa aka aiko ana tambayar ko mawaƙin nan yana zuwa suna.

Tun daga ranar, in ina da kuka, a miƙe nake faɗinsa da baki. In kuwa na hango mai kalangu ya nufo wurin, sai in ɗaga maganar zuwa gobe.