Ƙafafun da Suka Ba da Shaida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na canja wa Saje gaskit ba, ko da na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Saje wata tsohuwar motar soja ce da kamfanin fatar da nake wa kanikanci a Challawa ya saya a gwanjo, tana ɗaukar fatu. Ta girmi babana. Duk inda ta tsaya sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa, domin gaskit ɗin da ke tsakanin inji da kaskon mai na ƙasa (botom, a yaren kanikawa) ya riga ya ruɓe. Na zagaye kasuwar kayan mota ina neman irinsa, wani ɗan kasuwa har ya tambaye ni ko gidan tarihi nake wa aiki. Dole na shimfiɗa takardar gaskit a kan kaskon, na bi gefe da guduma ina ƙwanƙwasawa har na yanko nawa.

A lokacin ina neman auren Rumasa'u, 'yar Hotoro, gidan malamai da ma'aikatan gwamnati. Ta riga ta gargaɗe ni cewa binciken halina an damƙa shi a hannun kawunta, Kawu Sale, tsohon hedimasta, kuma abin da ya faɗa shi ne magana. In ya ce a'a, an gama. Bai taɓa ganina ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba.

To, ranar nan ina kwance a ƙarƙashin Saje, na shafa gam, na ɗora gaskit, na tallafe kaskon da gwiwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben noti. Kaskon nan nauyi kamar turmi. Ramin noti ya ƙi haɗuwa, gam yana bushewa, ragowar baƙin mai yana ɗiga mini a ido, ga warin jima ya cika garejin. Raina ya gama ɓaci. Na shiga zagin motar nan tun daga wanda ya ƙera ta har wanda ya yi gwanjonta (ba zan maimaita kalmomin ba, akwai yara masu karatu).

Sai na ji sallama. Na karkata kai, na ga farin takalmi da bakin babbar riga a daidai ƙafafuna.

"Bawan Allah, sannu da aiki. Ni ne Alhaji Sale daga Hotoro." Sannan ya faɗi sunana har da na mahaifina, ya ce maigadi ya ce a nan gareji nake.

Ga ni cikin yagaggen wando, fuska baƙa ƙirin, bakina bai ma bushe daga ashar ba. Mai hankali zai fito ya durƙusa ya gaishe shi. Ni kuwa sai na shaƙe murya na ce, "Ranku ya daɗe, an aike shi Sharaɗa."

"Gara ma haka," in ji shi. "Ba shi nake nema ba, labarinsa nake nema. Yaya halinsa?"

Nan ne Shaiɗan ya ba ni lasifika. Na ce ai duk Challawa babu mai haƙurinsa. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, albashinsa mahaifiyarsa yake fara kai wa. Na ji abin yana tafiya daidai, sai na ƙara gishiri, na ce ko manajan kamfani sai ya nemi shawararsa (manajan da ko sunana bai riƙe ba).

Kawu ya yi gyaran murya. "Allah dai ya sa ba tarbiyyarku ɗaya ba. Tun daga bakin get nake jin abin da ke fita daga bakinka."

"A'a wallahi, Alhaji, kullum cikin yi mini faɗa yake. Ni ne dai ba na ji."

"Sallah fa?"

"Ai shi ne ma ladanin masallacinmu na kamfani. Bai taɓa fashi ba."

Wannan kaɗai ce gaskiya tsantsa a duk abin da na faɗa, kuma ita ce ta kashe ni. Kawu ya ce madalla, tunda azahar ta kusa, bari ya jira ya ji muryarsa. Na ji ya jawo bencin gareji ya zauna, ya fara jan carbi.

Ni dai ina nan kwance, kasko a gwiwa, hannuna ya sage, gam ya bushe ƙamas. Takaici ya ishe ni, na kaina da na Saje da na Kawu da ba shi da wurin zuwa. Na fara addu'ar Allah ya sa wani ya tashi ya kira sallar nan yau kaɗai. Ina fa. Mutanen da kullum suke kushe muryata, ranar babu wanda ya motsa.

"Ladanin naku ya makara," in ji Kawu.

"Ƙila cunkoso ne a hanyar Panshekara, Alhaji."

Ban rufe baki ba sai ga jan silifas ɗin Malam Idi maigadi. Ya zo ya shuri tafin ƙafata. "Kai Ladan, lokaci yana wucewa, mutane sun yi alwala suna jiranka. Au, Alhaji, ashe kun same shi."

Gwiwata ta saki. Kaskon ya sauko mini a ƙirji, gaskit ɗin da na sha wahalar yankawa ya tsage biyu, sauran baƙin man ya wanke mini wuya. Na jawo jiki na fito, na durƙusa, na rasa da wace murya zan yi gaisuwa, ta gaskiya ko ta aro. Kunya ta sa na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kawu ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Je ka wanke jikinka ka kira sallah, an ce ba ka taɓa fashi ba."

Ban taɓa kiran sallah da rawar murya irin ta ranar ba. Bayan an idar, ina kallo ya ja Malam Idi gefe. Daga baya na ji abin da maigadin ya gaya masa: yaron kirki ne, sai dai shi da motar nan ba sa ga maciji da juna.

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci, har Rumasa'u ta kira ni tana dariya. Wai Kawu ya gaya wa babanta a ba ni, domin ya binciki mutum biyu a Challawa, ɗaya ladan ɗaya maƙaryaci, kuma yana fatan ladanin ne zai zauna da 'yarsu.

Yanzu yaranmu sun fara makaranta, Saje kuma har gobe tana zubar da mai. Abin da na koya shi ne, in za ka yabi kanka, ka fara tabbatar ba kai ake jira ka kira sallah ba. Kawu kuwa duk ranar da na je gaishe shi, sai ya bari falo ya cika da surukai, sannan ya ce, "Yaya abokin aikin nan naka mai ashar? Ka ci gaba da yi masa faɗa, ka ji."